Soson Teku Mai Zaren Gilashi: Nazarin Binciken Bell Labs na 2003

A watan Agustan 2003 mujallar Nature ta buga wani gajeren rahoto daga cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. Masana biyar ne suka sa hannu a kansa: Vikram Sundar, Andrew Yablon, John Grazul, Micha Ilan na Jami'ar Tel Aviv, da jagorar aikin, Joanna Aizenberg. Abin da suka auna shi ne siraran zare-zaren da ke fitowa daga gindin wata dabbar teku mai suna Euplectella aspergillum. Sun gano cewa zaren gilashi ne, kuma haske na bi ta cikinsa daga wannan kai zuwa wancan, kamar yadda yake bi ta wayar fayiba da kamfanonin sadarwa ke binnewa a ƙasa da ƙarƙashin teku.

Kafin a ce kwabo labari ya bazu. Jaridu suka riƙa cewa wata dabba da ko ƙwaƙwalwa ba ta da ita ta riga injiniyoyi ƙera fayiba, wasu har suka ce tata ta fi inganci. Akwai gaskiya a maganar, amma an yi mata ƙarin gishiri. Don a gane iyakarta sai an san dabbar, a kuma san abin da gilashi ke yi wa haske.

Dabbar da ake magana a kanta

Soson teku ba shi da dangantaka da soson wankan da ke yaɗo a jikin danga, wannan tsiro ne. Na teku dabba ce, tana daga cikin mafiya daɗewa a duniya, kuma masana sun tantance nau'i sama da 9,000. Yawancinsu a teku suke, kaɗan a ruwan daɗi. An daɗe ana yi musu kallon tsirrai saboda ba sa motsawa daga inda suka manne. Robert Grant, wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya zuba ido ya ga ruwa na shiga jikinsu ta ƙananan ramuka yana fita ta babbar kafa, shi ne kuma ya raɗa wa rukunin suna Porifera a 1836.

Soso ba shi da baki, ba shi da ciki, babu zuciya, babu jijiyoyin ji. Jikinsa hanyoyin ruwa ne. A cikin hanyoyin akwai ƙananan ɗakuna da wasu ƙwayoyin halitta suka jeru a bangonsu, kowacce da siririyar bulala da take kaɗawa ba dare ba rana. Kaɗawar ce ke jawo ruwa. Ƙwayoyin su tace bakteriya da ɓarɓashin abinci, su ɗebi iskar shaƙa, ragowar ruwan ya fice ta sama. A rana ɗaya soso kan tace ruwan da ya ninka girman jikinsa sau dubbai. Ƙwayoyin jikinsa ba su kafe a wuri ɗaya ba, wasu na iya yawo su sauya aiki. A 1907 Henry Van Peters Wilson ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyin suka rabu, da ya bar su a ruwan teku sai suka sake haɗuwa suka fara gina sabon jiki.

Abin da ke tallafe jikin shi ne ƙashi, kuma kayan ƙashin na daga cikin abubuwan da ake bambanta rukunonin soso da su. Wasu ƙashinsu na sinadarin farar ƙasa ne, wasu na wani furotin mai taushi (daga cikinsu ake samun soson wankan da mutanen Girka suka shahara da nitso su ciro), wasu kuwa na silika ne, wato sinadarin yashi da ake yin gilashi da shi. Euplectella na cikin ajin Hexactinellida, sosunan gilashi, masu nau'i kimanin 600. Tsinkayen ƙashinsu na da rassa shida. Suna da wani abin ban mamaki kuma: mafi yawan naman jikinsu ƙwayoyin halitta ne da suka narke cikin juna suka zama shimfiɗa guda, babu bango a tsakani. A 1997 Sally Leys da George Mackie suka nuna cewa a wani soson gilashi na gaɓar Kanada saƙon lantarki na ratsa wannan shimfiɗar, soson ya dakatar da jan ruwa idan laka ta dame shi.

Richard Owen ne ya fara bayyana Euplectella aspergillum a 1841. An fi samunsa a yammacin tekun Pasifik, musamman kusa da Filifin, a zurfin ɗaruruwan mitoci. Tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba. Idan nama ya zagwanye, abin da ke saura kwando ne fari fat, dogo, ɗan lanƙwasasshe, saƙarsa gida-gida, da murfi mai ramuka a sama. Sau da yawa akan tarar da jatan lande biyu a ciki, mace da namiji, waɗanda suka shiga tun suna ƙanana suka girma har ƙofar ta yi musu kaɗan. Saboda haka ne a Japan ake ba da busasshen kwandon kyauta ga sababbin ma'aurata. A gindinsa kuma akwai tuntun zare, kimanin guda 2,000, da ke nutsewa cikin laka su riƙe dabbar kada ruwa ya tafi da ita. Tsayin kowane zare santimita 5 zuwa 15 ne, kaurinsa maikiromita 40 zuwa 70, kwatankwacin gashin mutum. A jikinsa akwai ƙayoyi masu kallon baya, ƙarshensa kuma da ɗan kambi. Waɗannan zare-zaren ne aka kai Bell Labs.

Abin da gilashi ke yi wa haske

A sararin da babu komai haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Da ya shiga ruwa ko gilashi sai gudun ya ragu, idan kuma a karkace ya shiga sai hanyarsa ta lanƙwashe. Ana auna wannan da lamba ɗaya, ma'aunin karkatar haske: na iska 1.0, na ruwa 1.33, na silika tsantsa wajen 1.46, na gilashin taga wajen 1.5, na lu'ulu'u 2.42. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan lanƙwasa a Bagadaza wajen shekarar 984, ƙarnoni kafin Snell, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya sake gano ta a 1621.

Sai dai lambar ba ɗaya ba ce ga kowane launi. A ruwa, ta jan haske 1.331 ce, ta shunayya wajen 1.343. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma shi ke haifar da bakan gizo: haske ya shiga ɗigon ruwa ya lanƙwashe, ya bugi bangon baya ya dawo, ya sake lanƙwashewa wajen fita, ja ya fito a kusurwar digiri 42, shunayya a wajen 40. Kamal al-Din al-Farisi ya bi diddigin wannan hanya a farkon ƙarni na 14 da kwalbar gilashi mai siffar ƙwallo da ya cika da ruwa.

Isaac Newton ne ya nuna daga ina launukan suke. A wasiƙar da ya aika wa Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, a 1672 ya ba da labarin yadda ya rufe ɗaki, ya bar ɗan rami a taga, ya tare hasken da firizim, wato gilashi mai kusurwa uku. Hoton da ya faɗa a bango mai nisan ƙafa 22 bai fito da'ira ba, ya fito dogo, tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau biyar, ja a wannan kai, shunayya a wancan. A zamanin an ɗauka gilashin ne ke rina haske. Newton ya ware launi ɗaya ta wani ramin ya aika da shi ta firizim na biyu. Launin bai sauya ba, kuma ya sake lanƙwashewa daidai gwargwadonsa na farko. Ashe farin haske gauraye ne tun asali, gilashi rarraba shi kawai yake yi domin kowane launi da nasa gudun a ciki.

A firizim wannan rarrabuwa abin sha'awa ce. A wayar fayiba ciwon kai ce. Fayiba na aiki ne da wata ƙa'ida: idan haske na cikin abu mai babban ma'auni ya nufi mai ƙarami a kwance sosai, ba ya fita, komawa ciki yake yi gaba ɗaya. Don haka ake yin tsakiya mai ma'auni ɗan sama, a lulluɓe ta da riga mai ma'auni ɗan ƙasa. Ana aika saƙo a matsayin walƙiya-walƙiya na hasken lesa. Tun da babu lesar da launinta ɗaya ne tak, wani ɓangaren walƙiyar kan riga wani isa, sai ta miƙe ta shiga cikin ta bayanta, saƙo ya cuɗe. A fayibar da aka fi amfani da ita, a tsawon igiyar haske (awon da ke bambanta launi da launi) na nanomita 1,550, bambancin nanomita ɗaya na jawo tazarar pikosakan 17 a kowace kilomita; nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, pikosakan kuma kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. A kilomita 100 tazarar ta zama pikosakan 1,700, alhali layin da ke tura gigabit 10 a daƙiƙa pikosakan 100 kacal yake ba kowace alama. Akwai rarrabuwa ta biyu kuma wadda ba ruwanta da launi. Idan tsakiyar fayiba ta yi faɗi, haske na da hanyoyi da yawa, wani ya miƙe sambal, wani ya tafi yana bugun bango hagu da dama, ba za su isa tare ba. Maganinta shi ne a sirantar da tsakiyar zuwa wajen maikiromita 9 don hanya ta zama ɗaya.

Awon da aka yi

Masu binciken sun yanka zaren a gicciye, suka duba shi da madubin ilektiron, suka auna ma'aunin karkatar haske tun daga tsakiya har zuwa baki da irin dabarar da ake duba fayibar masana'anta. Sun tarar da sassa uku. A can tsakiya akwai zuciya mai faɗin maikiromita 2 ko kusa da haka, ta silika, kewaye da wani siririn zare na furotin. Ma'auninta ya kai na gilashin silika na masana'anta ko ya ɗan ɗara. Bayanta akwai bututu mai ma'auni ƙasa da na zuciyar. Daga nan sai ɓawo kan ɓawo kamar albasa, kowane ɓawon gilashi an raba shi da na kusa da shi da wani siririn shafi na furotin, ma'aunin yana ƙaruwa a hankali zuwa waje.

Zuciya mai babban ma'auni da riga mai ƙarami: tsarin fayibar sadarwa ke nan. Da suka haska zaren sai haske ya bi. Amma akwai wani sharaɗi da labaran jaridu suka tsallake. Idan an nutsa zaren cikin wani abu mai ma'auni kusa da nasa, haske na taƙaita a zuciyar, ya bi hanya ɗaya ko 'yan kaɗan. Idan kuwa zaren na tsaye shi kaɗai a iska ko a ruwa, bambancin da ke tsakanin gilashin da abin da ke kewaye da shi ya fi wanda ke tsakanin zuciya da riga nesa ba kusa ba. Sai zaren duka ya zama hanyar haske, mai hanyoyi birjik. A teku kuwa ruwa ne ke kewaye da duk abin da ya fito daga laka.

Abubuwa biyu ne suka fi burge injiniyoyin. Na farko, ana iya lanƙwasa zaren har a ƙulle shi bai karye ba. Na biyu, yadda ake ƙera shi. A masana'anta ana jan fayiba daga sandar gilashi a zafin da ya kai wajen digiri 2,000. Soso na ɗiban narkakken silika daga ruwan teku mai sanyi ya jera shi sannu a hankali da taimakon furotin. A cikin gilashin nasa an samu sodiyam, wanda ke ɗaga ma'aunin karkatar haske, amma yake da wuyar sakawa a fayibar masana'anta domin a wannan zafin yana ɓata gilashin.

Inda labarin ya zarce awon

A nan ya kamata a ɗan ja birki. Kebul ɗin fayiba na MainOne da ya biyo ƙarƙashin teku ya sauka a Legas daga Fotugal a 2010 tsawonsa kimanin kilomita 7,000 ne. Zaren soso santimita 15. Abin da ya sa fayiba ta zama fayiba shi ne tsabtar gilashinta. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, kamfanin Corning ya samar da gilashi mai tsabtar da ake buƙata a 1970, Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009. Fayibar yau sai ta yi tafiyar kilomita 15 kafin ta rasa rabin haskenta. Gilashin soso cike yake da ruwa da furotin, ga ƙayoyi a jiki da haske ke zurarewa ta wurinsu. Su kansu masu binciken ba su yi iƙirarin ya kamo ƙafar fayiba wajen tsabta ba.

Ta fuskar rarrabuwa ma lissafin ba ya buƙatar na'ura. A ɗauki gilashi mai ma'auni 1.45 a cikin ruwa mai 1.33. Hasken da ya fi kowane bugun bango zai yi tafiyar da ta fi ta mai miƙewa da kusan kashi 9 cikin 100. A kilomita ɗaya ƙarin mita 90 ke nan, wanda zai dagula duk wani saƙo mai sauri. A santimita 15 kuwa ƙarin bai kai santimita ɗaya da rabi ba, ba abin da zai sauya.

Rarrabuwar launi ita ma ba damuwar soso ba ce, kuma dalilin na cikin tekun kanta. Ruwa na shanye jan haske a mitocin farko, sannan ruwan lemo, sannan rawaya. Shuɗi ne ke nisa. Ƙasa da mita 200 hasken rana bai isa tsiro ya rayu ba, a wajen mita 1,000 kuma ya ƙare ƙat. Hasken da halittun can ƙasa ke fitarwa da jikinsu shi ma galibi shuɗi ne ko shuɗi-kore. Wanda ya kai firizim ɗin Newton inda Euplectella ke zaune ba zai ga bakan gizo ba, babu farin hasken da za a rarraba. Matsalolin nan biyu da injiniyan fayiba ke kwana yana tashi da su, dabbar ba ta taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. A ganina, cewa ta fi shi iyawa gasa ce da aka sa ta a ciki ba ta san ana yi ba.

To, shin soson na amfani da hasken kuwa? Masu rahoton sun kawo hasashe: wataƙila zaren na tattara hasken da wasu halittu ke fitarwa ya watsa shi, ya jawo ƙananan dabbobi. Hasashe suka kira shi, kuma an yi awon ne a kan busasshen zare a ɗakin gwaji. Wani abin lura shi ne zaren aikinsa a cikin laka yake. Duk siririn gilashin da aka sa a ruwa zai ɗauki haske, ko an yi shi don haka ko ba a yi ba.

Ba wai tunanin shirme ba ne. A 1996 masana daga Italiya ƙarƙashin Riccardo Cattaneo-Vietti sun nuna cewa dogayen tsinkayen Rossella racovitzae, wani soson gilashi na tekun Antatika, na ɗaukar haske, suka danganta hakan da ƙananan tsirran ruwa da ke zaune a jikinsa. A 2008 Franz Brümmer da abokan aikinsa a Jami'ar Stuttgart suka cusa takardar hoto cikin rayayyen soso mai suna Tethya aurantium, suka haska shi daga waje, takardar ta nuna tabon haske daidai inda damman tsinkayen suka ƙare. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma Tethya na zaune a ruwa marar zurfi inda rana ke kaiwa, kuma ba ajinsu ɗaya da Euplectella ba. Abin da ya tabbata a kan wancan ba ya hawa kan wannan kai tsaye.

Abin da ya biyo baya

Binciken da aka ci gaba da yi a kan dabbar ya karkata daga haske zuwa ƙarfi, wannan kuwa ya nuna inda ribar take. A 2005 Aizenberg da abokan aikinta suka bayyana a mujallar Science yadda aka gina kwandon hawa-hawa, daga ƙwayoyin silika da ido ba ya gani, zuwa ɓawo, zuwa tsinke, zuwa dami, zuwa saƙa. Ta koma Jami'ar Harvard a 2007. A can, a 2020, Matheus Fernandes da James Weaver da Katia Bertoldi tare da ita suka gwada tsarin saƙar: gidaje masu kusurwa huɗu da tagwayen sanduna ke ratsawa a gicciye, gida ɗaya a rufe, na kusa da shi a buɗe. Da suka ƙera kwaikwayonsa suka danne shi, ya fi tsarin da aka saba amfani da shi a gadoji jure nauyi da sama da kashi 20 cikin 100, ba tare da ƙarin kaya ba. A 2021 Giacomo Falcucci da tawagarsa suka yi lissafi da babbar kwamfuta a Italiya, suka nuna cewa ramukan kwandon da tudun da ke zagaye shi na rage turin ruwa, suna kuma sa ruwa ya yi juyi a hankali a ciki, abin da ke taimaka wa tace abinci.

Ko maganar juriyar zaren ba ta tsira daga gyara ba. An daɗe ana cewa shafukan furotin da ke tsakanin ɓawo na tare tsaga kada ta ratsa. Tawagar Haneesh Kesari a Jami'ar Brown ta gwada wannan kai tsaye, ta yi wa zaren ɗan yanka ta lanƙwasa shi. A 2020 suka ba da rahoton cewa taren tsagar akwai shi amma ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙashi ko ɓawon kawa. Amfanin ɓawon da suka tabbatar shi ne barin zaren ya lanƙwashe sosai kafin ya karye, abin da zaren da ke riƙe da dabba a cikin laka ya fi buƙata.

Batun yin gilashi a sanyi ne ya rage a buɗe. A 1998 tawagar Daniel Morse a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta ware furotin ɗin silikatin daga wani soso, ta kuma nuna daga baya cewa yana iya haɗa silika a kwalba ba tare da wuta ba. A 2015 aka gano wani furotin na daban, gilasin, a jikin Euplectella kansa. Da irin waɗannan ana samun ɓarɓashi da siraran shafuka na silika a ɗakin gwaji, kuma ana gwada su a aikin gyaran ƙashi da ƙananan na'urorin awo. Fayibar da ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku kuwa har yau daga tanderu mai digiri 2,000 ake jawo ta.